Yadda muka kai batun hanyar 'yan makaranta gaban ƙaramar hukuma

Ina cikin wakilan ƙungiyar iyaye da malamai da aka ɗora wa nauyin gabatar da buƙatar gyaran hanyar da yara ke bi da ƙafa zuwa makaranta a gaban majalisar ƙaramar hukuma. Kafin mu rubuta takarda, sai da muka riƙa bin yaran a baya da safe da kuma lokacin tashi, domin mu ga inda suke takawa a zahiri. Akwai zanen tsallakawa a mahaɗar titi, amma yana da nisa da ƙofar makaranta, saboda haka yaran suna yankewa ta tsakanin motocin da aka ajiye a gefe, wurin da ɗan aji ɗaya ko madubin mota bai kai ba a tsayi, direba kuwa ba zai gan shi ba sai ya riga ya fito kan kwalta da jakarsa a baya.

Shawarar da sashen ayyuka ya fara kawowa ita ce a kafa allunan gargaɗi, kasancewar su ne mafi sauƙin kuɗi. A nan muka ja daga. Direban da ke sauri ba ya karanta allo, amma dole ya taka birki idan ya ga tudun rage gudu ko ya tarar an ƙuntata titi. Mun tunatar da kansiloli cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma sanarwar da ministocin ƙasashe suka fitar a Sitokholm a 2020 ta nemi kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a wuraren da motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙafa. Sun saurara cikin ladabi, sai dai ba alƙaluman ne suka sauya musu ra'ayi ba. Abin da ya yi tasiri shi ne ranar da injiniya da kansiloli suka tsaya tare da mu a bakin ƙofa daidai lokacin tashi, suka ga yadda ƙananan yara ke leƙowa daga bayan motoci, suna ja da baya, suna sake leƙowa.

Na kuma fahimci cewa sanin wanda ke da titi rabin aiki ne. Wani ɓangaren hanyar ba ya ƙarƙashin ikon ƙaramar hukuma, don haka iyakar abin da majalisa ta iya yi a kansa shi ne aika wasiƙa zuwa ga hukumar da ke sama. Haka nan buƙatar da ta iso bayan an rufe kasafin kuɗi, komai ƙarfinta, sai ta jira shekara mai zuwa.

Majalisa ta amince a maido da wurin tsallakawa daura da ƙofa, a ɗaga shi ya zama tudu, a kuma hana ajiye motoci a kusa da shi. Hanyar masu ƙafa da muka nema a gefen titi an ɗage ta zuwa wani kasafin. Hanin ajiye motocin ne ya fi ba mu wahala, domin yawancin masu karya shi iyaye ne da ke sauke 'ya'yansu, kuma har yanzu malamai ne ke fitowa bi da bi suna roƙonsu su matsa gaba.