Zanzibar a Yini Guda: Lissafin Daga Jirgin Ƙarshe Yake Farawa

Daga Dar es Salaam zuwa tsohon birnin Zanzibar, a ƙasar Tanzaniya, tafiyar kusan kilomita 70 ce a kan teku, jirgin ruwa mai gudu yana cinye ta cikin sa'a biyu ko ƙasa da haka kaɗan. Wanda ya ji haka zai ɗauka yini guda ya ishe shi ya je ya more ya dawo. Ya isa ɗin, amma fa yinin ba shi da tsawon da ake zato. Na yi wannan tafiya, na kwana Dar, na wuni Zanzibar, na sake kwana Dar, kuma abin da na fi ƙaruwa da shi shi ne tsarin duka a kan jirgin dawowa ake gina shi.

Jadawalin da na tarar na jiragen Kilimanjaro, na kamfanin Azam Marine, tashi huɗu ne a rana daga kowane ɓangare: ƙarfe 7 na safe, 9 da rabi, 12 da rabi, sai na ƙarshe wajen ƙarfe 4 na yamma. Akan taɓa lokutan nan, musamman na yamma, don haka ranar da za ka yanki tikiti ka tambaya a tagar, ka kuma duba abin da aka buga a jikin takardar. Yanzu yi lissafi. Ka tashi ƙarfe 7, ka sauka wajen 9. Kafin ka fita daga hannun jami'an tasha 9 da rabi ta yi. Jirgin ƙarshe na 4, ana so ka kasance a tasha tun ƙarfe 3. Abin da ya rage a hannunka sa'a biyar da rabi ne, a ciki za ka yi azahar, a ciki za ka ci abinci. Wanda ya makara ya hau na 9 da rabi, sa'a uku kawai ya saya da kuɗinsa, ya je ne ya gaida tsibirin ya juyo.

Maganar takardu ita ce ta fi ba baƙo mamaki. Zanzibar da Tanganyika, wato ɓangaren tudu inda Dar take, sun haɗe tun ranar 26 ga Afrilun 1964 suka zama Tanzaniya, amma tsibirin yana da gwamnatinsa da shugabansa, kuma a tashar jirgin ruwa akwai teburin shige da fice kamar ka shigo wata ƙasa. Fasfo ɗinka na ainihi za ka riƙe, kada ka bar shi a otel ka ce hotonsa a waya ya wadatar. Da shi ake yanka maka tikiti, da shi kake shiga jirgi, da shi kake sauka. Bizar Tanzaniya ɗaya ce ta rufe ɓangarorin biyu, sai dai mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar ko Chadi ya sani ba a ba shi biza a bakin shiga, tun daga gida ake nema a jira amincewa. Katin rigakafin cutar shawara ma ya kasance a cikin fasfo, don mu da muka fito daga ƙasashen da cutar take ana iya tambayarmu shi. Sannan tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi 'yan ƙasashen waje sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshora na gwamnatinta, dala 44 ga babban mutum, tana aiki har kwana 92. Ba ruwansu da cewa wuni kawai za ka yi, ko kana da wata inshorar daga gida. Ta intanet ake saye, a turo maka takarda mai lambar da ake haskawa da na'ura. Ka gama da wannan tun ana gobe tafiya ka ajiye hotonta a waya, don tsayawa cike fom a tasha da intanet mai jan ƙafa yana iya cinye maka rabin sa'a daga cikin biyar ɗin nan.

Tashar Dar tana kan titin Sokoine, daura da babban cocin St Joseph mai dogon tsini, alama ce da ba ta ɓata. Tun kafin ka buɗe ƙofar mota 'yan kamasho sun kewaye ka. Wani zai ce jirgin safe ya cika, wani ya ce ofis ya koma can baya, wani ya kama jakarka yana tafiya. Kada ka yi musu, kada ka tsaya, ka ce "asante", wato na gode, ka wuce kai tsaye cikin ginin sayar da tikiti na kamfanin. Illar biye musu iri biyu ce. Ko su kai ka wata rumfa a sayar maka da tikiti da ƙarin kuɗi, ko a yanka maka na farashin 'yan ƙasa, wanda ya fi araha nesa ba kusa ba, ka zo ƙofar shiga a duba fasfo a mayar da kai. Baƙo da farashinsa: ƙaramin aji na biya daidai da dala 35 zuwa kawai, manyan azuzuwa kuma suna hawa daga nan. In ka haɗa zuwa da dawowa da inshora, ka ga dala 114 ta tafi kafin ka sha ko ruwa. Shi ya sa duk wanda yake da halin kwana ɗaya a can, ni dai ina ganin kwanan ya fi riba.

Ka yanki na zuwa da na dawowa lokaci guda, kuma tun ana gobe tafiya. Jirgin ƙarshe shi kowa yake hari, 'yan kasuwa da ma'aikata da masu yawon buɗe ido, ranakun Juma'a da Lahadi da lokacin bukukuwan Sallah kuwa cika yake yi.

Ga wani tarko da ya kusa kama ni, kuma laifina ne. Masu jin Swahili ba daga tsakar dare suke fara ƙirga sa'o'i ba, daga fitowar rana suke farawa. Ƙarfe 7 na safe a wurinsu "saa moja" ne, wato sa'a ta ɗaya. Ƙarfe 4 na yamma "saa kumi", sa'a ta goma. Na gaya wa direban da zai ɗauke ni ya zo ƙarfe shida, ya gyaɗa kai, sai da Allah ya sa na ƙara da cewa bayan sallar asuba, ya tsaya ya dube ni, ashe shi tsakar rana ya fahimta, don "saa sita" ke nan a lissafinsu. Bambancin sa'a shida ne cif. Maganinsa mai sauƙi: ka nuna lokacin a fuskar waya, ko ka ɗaura shi da sallah. Kalmomin ma ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe, asubuhi, adhuhuri, alasiri, magharibi. Ka kuma tabbatar wayarka ta koma agogon can, wanda ya riga na Najeriya da sa'a biyu.

Tekun da safe yakan kwanta. Da yamma ne ake gane waye ɗan ruwa waye ɗan tudu. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba iskar da suke kira kusi tana busowa daga kudu maso gabas. Zanzibar tana arewa da Dar, saboda haka mai dawowa iskar yake tunkara gaba da gaba, jirgin ya hau igiyar ruwa ya faɗo, ya sake hawa. Ma'aikatan jirgi suna bi layi layi suna raba jakunkunan amai, kuma ba don ado suke rabawa ba. Mutumin da bai saba da teku ba ya sha maganin hana jiri kamar sa'a guda kafin tashi, in ya bari sai zuciya ta fara tashi maganin ba ya cim masa. Ya zauna a hawan ƙasa, tsakiya ko can baya, inda girgiza ta fi sauƙi, don gaban jirgi da saman bene su suka fi lilo. Ya ajiye waya ya kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa. Ɗan guntun ɗanyar citta a baki yana taimakawa. Kada ya cika ciki da shinkafa mai maiƙo ana saura rabin sa'a a tashi. Cikin ɗakin kuma na'urar sanyi tana aiki kamar ana ajiyar kifi, riga mai dogon hannu ko mayafi mai kauri zai yi rana.

Za ka ji ana tallar wasu jirage masu araha da ke tafiyar dare a hankali. Mai wuni ɗaya ba shi da alaƙa da su. Mutanen can ba su manta da jirgin Spice Islander da ya nutse a watan Satumban 2011 ba, da Skagit a watan Yulin 2012, kuma wanda ya ji yadda suke ba da labarin ba zai yi cinikin kuɗin fito da ransa ba.

Kana fita daga tashar Malindi ka riga ka shigo tsohon birnin, wanda suke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma Stone Town. Ba ka bukatar tasi, duk abin da direbobin bakin ƙofa za su ce. Ka juya dama ka bi titin Mizingani, teku a hannun damanka. Cikin minti goma zuwa sha biyar za ka wuce wani tsohon asibiti mai barandar katako da aka sassaƙa, da fadar sarakuna, da katafaren gidan Beit al-Ajaib wanda Sarkin Zanzibar Barghash ya gina a 1883, sai ganuwar Larabawan Oman, da lambun Forodhani a gabanta. Wani ɓangare na Beit al-Ajaib ya rufta a watan Disamban 2020, don haka kada ka ɗora shirinka a kan shiga cikinsa. A gaban waɗannan gine-gine ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar ruwan wuta a 1896, yaƙin da bai kai minti arba'in da biyar ba ya ƙare.

Daga ganuwa sai ka kutsa cikin lunguna, kuma nan ne ya kamata mafi yawan lokacinka ya tafi. Wanda ya san cikin birnin Kano ko Zariya ba zai ji baƙunta ba, sai dai nan gidajen na dutsen murjani ne da farar ƙasa, hawa biyu hawa uku, sun matse har taswirar waya takan rikice ta nuna ka a bayan katangar da kake gabanta. Ɓata ba abin tsoro ba ne, garin kamar kusurwa uku yake, teku ta ɓangare biyu, babban titin Creek ta gabas, duk inda ka miƙe minti goma za ka faɗa ɗayansu. Ka dai riƙa kasa kunne, babura suna shigowa lungun da ko mutum biyu da kyar suke giftawa. Ka lura da ƙofofi: masu kai a miƙe da ayoyi a sassaƙe a sama salon Larabawa ne, masu kai a lanƙwashe da manyan ƙusoshin tagulla salon Indiya. UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. A unguwar Mkunazini akwai cocin Anglika da aka gina a kan filin kasuwar bayi bayan an rufe ta a 1873, da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ka ware masa minti arba'in, ba wurin da ake leƙawa a guje ba ne.

Masu rakiya na sa-kai za su liƙe maka, mutanen gari suna kiransu papasi, wato kaska, sunan kuwa ya dace. In kana son ɗan rakiya ka nemi mai katin shaida, ku gama ciniki da adadin sa'o'i kafin a ɗaga ƙafa.

Sallah ba matsala, masallatai a kowace unguwa. Mafi yawan mutane Shafi'awa ne, amma akwai Ibadawa jikokin mutanen Oman, waɗanda za ka ga suna sallah da sakin hannu kamar yadda da yawa daga cikinmu suka taso suna yi. Ranar Juma'a shaguna da yawa suna rufewa da rana, a watan azumi kuma ba a cin abinci a fili, gidajen abinci da dama a kulle suke har magariba. La'asar tana shiga ne dab da lokacin hawa jirgi, saboda haka ka shiga tasha da alwalarka.

Bayan azahar na ci pilau, shinkafarsu mai kayan ƙamshi, a kusa da Mkunazini, na sha urojo, wani romo mai tsami da dankali da ƙosai irin nasu a ciki, sannan na gangara kasuwar Darajani. Kanumfari da kirfa da citta da sauran kayan ƙamshi a nan suka fi araha, a cikin rumfunan da matan gari suke saye, ba ƙananan ƙunshin da aka jera wa baƙi a shagunan bakin ganuwa ba. Ka riƙe shilin ɗin Tanzaniya, da canji ƙanana, don babbar takardarsu ta 10,000 ce kuma mai sayar da kofi a bakin hanya ba zai iya fasa maka ita ba. In dala za ka canza, sababbin bugu marasa yagewa ake karɓa. Jakar yadi ma ka taho da ita, an hana leda a ƙasar tun 2019.

Abubuwa uku ne za a yi ta kwaɗaita maka, kuma duka ukun suna iya sa ka rasa jirgi. Bakin tekun Nungwi, wanda ake gani a hotuna, yana can ƙarshen arewa, sa'a ɗaya da rabi a mota kafin ka isa, zuwa da dawowa sun cinye sa'a uku. Gonakin kayan ƙamshi rabin yini suke ci. Tsibirin Changuu mai manyan kunkuru yana kusa, minti talatin a kwalekwale mai inji, amma dawowarka tana hannun mai kwalekwale da yanayin ruwa. In dole sai ka yi ɗaya, to ka yi shi da safe kana sauka, ka bar lungunan birni su zama na ƙarshe, tunda daga cikinsu da ƙafa za ka koma tasha. Kasuwar dare ta Forodhani kuwa, mai gasasshen kifi da ruwan rake, sai rana ta faɗi ake kunna fitilunta, a lokacin kai kana tsakiyar teku ko ka ma sauka.

Ƙarfe 3 saura na bar Darajani, minti goma sha biyar suka kai ni tasha. Akwai layin binciken kaya, akwai na fasfo, kowanne da jama'arsa da buhunansu. Mun sauka Dar ana kiran magariba, daidai lokacin da ma'aikatan tsakiyar gari suke tashi, titin Sokoine a cushe. Wanda yake da jirgin sama a daren nan ya bar tazarar sa'o'i masu yawa, ko ya ɗaga tafiyar Zanzibar zuwa wata ranar. Ni na taka da ƙafa na bar bakin tasha kamar tsawon layi biyu kafin na kira mota ta Bolt, kuɗin ya fi wanda direbobin bakin ƙofa suka yanka mini sauƙi sosai.