Abin da Wright Ya Bari

Yau da yamma ruwan sama ya tsare ni a shago, ba mai shigowa, sai na sa abin ji a kunne na kunna The Endless River, faifan da ƙungiyar makaɗan Ingila Pink Floyd ta fitar a 2014. Kusan dukkansa kiɗa ne zalla. An tsamo shi daga kaɗe-kaɗen da 'yan ƙungiyar David Gilmour da Nick Mason da Richard Wright suka yi a 1993, zama kawai suke yi, wannan ya taɓa jita, wancan ya amsa masa da ganga, ba wanda ya tsara komai tun farko. Ciwon daji ya kashe Wright a 2008. Bayan shekaru sai abokansa biyu suka buɗe tsoffin naɗe-naɗen, suka ɗora nasu kiɗan a kan nasa.

Da na kai wurin da ake jin Wright yana kaɗa ƙaton ogan (abin kiɗa mai kama da piyano) na zauren Royal Albert Hall a Landan, naɗin 1969, sai tsigar jikina ta tashi. Mutum ya tafi, ga yatsunsa suna aiki a kunnena. Nan take na tuna saƙon muryar Yaya da ke wayata, Allah ya jiƙansa. Bai kai minti ɗaya ba. Ya yi gyaran murya, ya ce in taho masa da cajarsa, ana jin ƙarar babur a bayansa. Shekara biyu ke nan na kasa kunna shi. Ina jin daren nan zan saurara.