Albasar bayan ɗaki ta fara kai

Ƴan uwa masu koyo irina, ga inda fangalin albasata ya kai a nan Tawa. Muna tsakiyar Fabarairu, ɗari ya fara sassauci, gindin kowace shuka ya kumbura har yana tsaga ƙasa. Waɗanda muka yafa iri tare a Oktoba, ina jin taku ma ta kawo nan.

Irin Galmi na shuka, jar nan da ake lodawa manyan motoci zuwa Gana da Kodebuwa. Galmi ba ta da nisa da mu, tana kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, don haka samun iri mai kyau bai yi wuya ba. Abin lura ɗaya ne: irin albasa ba ya jimirin ajiya, in ya wuce shekara tsirowarsa raguwa take yi. Ku tambayi mai sayarwa na yaushe ne.

Na yi dashe a farkon Disamba, lokacin da tsiron ya kusa kaurin fensir. A ƙa'ida kwana 40 zuwa 50 yake yi kafin a cire shi. Na bar tazarar santimita 10 zuwa 15, ban binne shi da zurfi ba, kuma tun kafin nan na gauraya ƙasar da kashin awaki wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi.

Maganar da ta sa na zauna rubutun nan ita ce lawashi. Albasar lambu tana can nesa da murhu, ta gida kuwa taku kaɗan ne tsakaninta da tukunya. Duk wadda ta ɗora miya sai ta miƙa hannu ta tsinko ganye biyu, a ce ai ba komai, zai sake tohowa. To, zai toho, amma kan ne ke biyan bashin. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi ƙuruciyarsa a lambunan Maggiya ya leƙo fangalin, ya ce mini: "Ɗiyata, yanka albasa ki ƙirga zobban da ke ciki. Kowane zobe gindin ganye ɗaya ne." Na ce, "Baba, ashe wanda ya tsinke ganye ya rage kai ke nan?" Ya ce ƙwarai kuwa. Ganyen ne ke haɗa abinci da hasken rana, ya tura shi ƙasa, gindinsa ya yi kauri. Shukar da ta shiga lokacin yin kai da ganye mai yawa ita ke cika tafin hannu.

Saboda haka na ware layi guda a bakin fangali, na cusa shi da yawa, na ce wa mutanen gida wannan na miya ne, sauran kuma ba a taɓawa. Kishiyata ta yi dariya, wai na yi wa albasa doka. Dokar dai tana aiki.

Taki kuma na tsayar. Na san ido na son ganin ganye kore shar, sai a yi ta barbaɗa takin zamani. A wannan gaɓar illa ce: wuyan albasar zai yi kauri, ya ƙi bushewa, ruɓa ta shiga ta nan tun ba a kai damina ba. Ban-ruwa kaɗan-kaɗan nake yi da safe da gwangwanin da na huda, tunda saiwarta ba ta nitsa can ƙasa. In aka bar ta ta sha ƙishi sannan aka malala mata ruwa, kan na iya rabewa biyu.

Ku riƙa buɗa tsakanin ganyen kuna dubawa. Da zafi ya fara, wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwari na ɓuya a wurin suna tsotsa, ganyen ya yi tabo fari-fari. Ni ƴaƴan dogon yaro nake dakawa, in jiƙa su kwana, in tace, in sa ɗan sabulu, in fesa da marece. Wadda ta fitar da sandar fure kuwa a tuge ta a ci, ba ta ajiya ba ce.

Abin da nake jira yanzu wuya ya yi laushi, ganye ya fara kwantawa da kansa, wajen ƙarshen Maris ko cikin Afrilu. Daga nan sai a yanke ruwa kamar kwana 10 kafin cira, a shanya a inuwa mai iska, don ranar bazarar Adar tana dafa albasa a fili. Manoma na ajiye tasu a rudu, wato rumbun ajiyar albasa. Albasata ba ta kai haka yawa ba, zan kitse ganyen in rataye a rumfa. Ganyen layin miya da ya rage zan daka in yi gabu da shi.

Mutanen Yamai da suka shuka a tsofaffin tayoyi da buhuna, ku faɗa mana girman kan da kuka samu, ina son gwada hakan baɗi.