Kafin ka danna, ɗaga kai ka dubi rufi

Ƙannena masu shigowa sana'ar hoto, akwai wata ƴar farar roba da ake kifa wa filashi a baki, wai tana tausasa haske. Kusan kowa da ita yake farawa. Ni ma na saya, na daɗe ina yawo da ita gidajen biki da suna a Yamai, ban san rabin lokaci aikin banza take yi mini ba.

Taushin haske daga faɗin wurin da ya fito yake, da kuma kusancinsa da fuska. Ku tuna ranar da hazo ya rufe gari, sama gaba ɗaya ta zama fitila, inuwar mutum ta kusa ɓacewa, alhali da tsakar rana a watan bazara inuwa kaifi gare ta. Bakin filashi bai kai tafin hannu ba, robar nan kuma ba ta ƙara masa wani faɗin kirki. Aikinta ta watsa haske ko'ina ya bugi bango da rufi ya dawo. A ɗaki mai farin fenti tana da rana. A tsakar gida da dare kuwa, babu abin da zai maido da hasken, sama kawai kake haskawa. Batir ya ƙare da wuri, filashi ya ɗauki zafi, kuma a Afrilu da zafin Yamai ke haura digiri 40, sai ya ƙi tashi daidai lokacin da ake fito da amarya. Na sha tsayawa ina fifita shi da hula.

Da na koyi juya kan filashi sama, sai na ɗauka na gama. Wani ɗaurin aure aka yi ƙarƙashin rumfar tamfol shuɗi, na harba hasken cikin tamfol ɗin, ban duba da kyau ba sai da na wanko hotuna. Dangin ango kaf sun fito shuɗi-shuɗi, farar shadda ta koma wani launi daban. Gwaggon amarya ta jujjuya hotunan ta ce, "Yaro, mu ne nan kuwa?" Ban karɓi cikon kuɗina ba, ban ma tambaya ba. Haske yana kwaso launin duk abin da ya taɓa. Koren bango kore zai ba ka, katangar laka irin ta tsofaffin gidajen Tawa ja za ta ba ka, rufin azara kuma shanye hasken yake yi. Kwano maras rufin ciki ya fi su sharri, don ƙyallinsa yana maido haske dabbare-dabbare.

Ko rufin fari ne, kada ka miƙe filashi tsaye kana dab da mutum. Hasken zai sauko masa ta ka, kwarmin ido ya yi duhu, in da rawani ko babban ɗaurin kallabi sai rabin fuska ya tafi. Juya kan filashin baya, ta saman kafaɗarka, ya bugi inda bango ya haɗu da rufi, sai hasken ya dawo ta gaba da ɗan gefe. In babu bango a bayanka, zaro ɗan farin katin da ke cikin kan filashin, ko ka ɗaure farar takarda da roba, ita za ta sa ɗigon haske a ƙwayar ido.

Wannan hanya tana cin haske sosai. In nisa ya ninku biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa, ga shi kuma hasken zai je rufi sannan ya dawo. Saboda haka kada ka ji tsoron ɗaga ISO, wato ƙarfin da kyamara ke jin haske, zuwa 800 ko 1600, buɗe idon kyamara zuwa f/4, ka bar gudun ɗauka wajen 1/60 na daƙiƙa domin fitilun wurin su ma su fito. Kada dai ka haura 1/200 ko 1/250, iyakar yawancin kyamarori ke nan da filashi. A babban zaure mai dogon rufi irin na Palais des Congrès, babban ɗakin taro na Yamai, kada ma ka wahalar da batir.

TTL, wato saitin da kyamara ke auna ƙarfin filashi da kanta, shi ma yana da nasa ruɗin. In manyan mutane suka jeru cikin farar shadda mai sheƙi, kyamara tana ganin haske ya yi yawa sai ta rage, fuskoki su yi duhu. Ƙara wa filashin +1, ko ka koma saitin hannu ka fara daga 1/4 na ƙarfinsa, ka riƙa duba fuska, ba riga ba.

Yanzu in aikin waje ne, da bangona nake zuwa: farin yadi mita biyu a jaka, yara biyu su riƙe shi a gefe, in harba filashi a ciki. Da kuɗi suka samu na sayi farar laima da sanda da na'urar Godox mai tada filashi daga nesa. In ka kafa laima a fili, sa wani ya riƙe sandar, musamman farkon damina, don iskar hadari ba ta sallama.