Duwatsu masu fuska a ƙasar Bakor

Daga Ikom na bi hanyar Ogoja zuwa ƙauyen Alok a Jihar Kuros Riba, don in ga duwatsun da ake kira akwanshi. Ba a faɗa wa wurin kai tsaye. Sai ka gaida dattawan gari, su haɗa ka da ɗan rakiya, domin a wurin mutanen Bakor, wato al'ummar yankin, duwatsun nan kakanninsu ne.

Suna tsaye a da'ira ƙarƙashin itatuwa, wasu iya gwiwa, wasu sun kusa tsayin mutum. Baƙin dutse ne mai tauri, an sassaƙa masa idanu, baki a buɗe, gemu mai tsini da ƙatuwar cibiya. Na durƙusa gaban ɗaya har ƙafata ta yi tsami, ina bin zanen kumatunsa da ido, kamar tsagar gado. A cikin ramukan zanen akwai sauran farar ƙasa. Ɗan rakiyata ya ce a bikin sabuwar doya ake shafa musu launi, a kawo musu sakwara da manja.

Kowace ƙasa da irin nata. Na Karnak a Faransa sun haura 3,000, a jere layi-layi. Na Senegal da Gambiya jan dutsen marmara ne da aka kafa a kan kaburbura, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2006. Na Tiya a Habasha takubba aka zana musu. Na Bakor kuwa fuska aka ba su, kuma ban ga biyu da suka yi kama ba.

Abin da ya sosa min rai shi ne waɗanda babu. Wani Bature mai bincike, Philip Allison, ya ƙirga kusan 300 a 1961 da 1962. Tun lokacin yaƙin basasa ɓarayi suka yi ta kwashe su zuwa Turai da Amurka, wani ma sare kansa aka yi, aka bar gindin a ƙasa. Waɗanda suka rage a gonaki wuta ke cinsu: ana ƙona ciyawa don sharar gona, dutsen ya yi zafi ya dare. Na ga ɗaya da ya tsage daga goshi har cibiya.

Mai niyyar zuwa ya yi sammako, domin hasken safe ne ke fito da zanen a hoto. Da rana ta take, sai ya dusashe. Ya sa takalmi rufaffe saboda ciyawa, ya kuma nemi izini kafin ya taɓa ko ɗaya.