Wata uku ke nan rabona da lemon kwalba

Wanda ya san zafin garin Garwa na Kamaru a watan Afrilu ba zai yi mamaki ba in na ce kwalba uku nake sha a wuni. Ina kan keken ɗinki, gumi na tsiyaya, sai in aiki yaro ya karɓo mini mai sanyi ƙarara.

Baba ne ya tsayar da ni. Ciwon suga ya ci masa ƙafa har zuwa masallaci ya gagare shi. Ran nan ina wanke masa gyambon, kwalbata a gefe, ya dube ta ya ce, "Ɗan nan, ka ji tausayin kanka." Wallahi ban iya ƙarasa ta ba.

Ashe ƙaramin gwangwani ɗaya yakan ɗauki sukari wajen giram 35, kusan cokalin shayi takwas. Ni kuwa manyan kwalabe nake sha!

Makon farko na ji jiki, kullum bayan azahar kaina sai ya sara. Yanzu uwargida ke dafa mini zoɓo, wanda muke ce wa folere, da citta da sukari ɗan kaɗan. Gidan biki ne har yau nake fama. Jiya ma sai da na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ruwan randa zan sha."