Ranar da kashi 99 ya yaudare ni

Idan kana Kano, ƙarfe ɗaya na dare ake fara wasan kambun shogi, darar Japanawa mai kama da chess da ake ci ta hanyar kama sarkin abokin wasa, domin Japan ta riga mu da awa takwas, su kuwa ƙarfe tara na safe suke zama. Haka na yi ta raba dare a 2023, waya a hannu, ga wani allo da na zana a bayan kwalin taliya, gida tara a tsaye tara a kwance, 81 ke nan. 'Ya'yan ma da kwali na yanka, arba'in cif, na kwaikwayi rubutun Japananci a kansu kamar ɗan makarantar allo da ya shiga babbaƙu jiya.

Da dara na tashi, shi ya sa abu ɗaya ya kama ni a wannan wasa: ɗan da ka ci ba ya fita daga wasa. Ka ajiye shi gefe ya zama naka, in ka ga dama ka sauke shi a allo ya yaƙi tsohon ubangidansa.

Kambu takwas ƙwararrunsu ke nema: Ryuo, Meijin, Oi, Eio, Oza, Kio, Osho da Kisei. Ryuo ya fi kuɗi, yen miliyan 44 ga wanda ya ci a shekarar. Meijin kuwa ya fi tsufa da wuyar samu. Sai ka bi matakai biyar, daga C2 zuwa C1, B2, B1, har A, kowanne gasar shekara guda, sannan ka zo na ɗaya cikin goman da ke A kafin a ba ka damar zama gaban mai kambu. Ko da kai aljani ne a wasa, sai ka yi shekara biyar a hanya.

Kuskurena shi ne, ban kasance ina kallon wasa ba, lamba nake kallo. Ana ɗora hasashen kwamfuta a saman allo, wane kashi 60, wane kashi 40, ni kuma sai in bi ta da ido kamar mai jiran farashin dala. Kwalin nan nawa ya koma abin ɗora kofin shayi.

Ran Laraba 11 ga Oktoba aka yi wasa na huɗu na kambun Oza a Kyoto, wanda ya fara cin uku cikin biyar shi ke da kambu. Fujii Sota, ɗan shekara 21, yana riƙe da bakwai, saura wannan. Nagase Takuya kuma ya riƙe Oza sau huɗu a jere, in ya kare shi karo na biyar zai sami laƙabin girmamawa na dindindin. Kowa awa biyar aka ba shi, duka suka cinye, aka koma minti ɗaya kowane taku. Ana dab da azahar a nan lamba ta nuna Nagase na da kashi 99. Na miƙe ina naɗe hannun riga zan yi alwala, har ina ce wa maiɗakina an gama, sai wasa na biyar.

“To Malam, tunda an gama, yau dai za a yi barci ko?” in ji ta.

Kafin in ɗauki buta lamba ta kife. A taku na 123 Nagase ya matsa da ɗansa da ake kira doki zuwa gidan 5-3, alhali sauke ɗan da ake kira zinariya a 4-2 ne zai kashe wasan. Daga baya na ga bidiyonsa yana yamutsa gashin kansa yana kallon sama, ya gane tun kafin hannunsa ya huce. A taku na 138 ya sunkuyar da kai ya ce ya faɗi. Fujii ya haɗa takwas, abin da ba a taɓa yi ba. Habu Yoshiharu ya haɗa duka a 1996, amma lokacin bakwai ne.

Da farko har na ce Nagase ya yi sakaci. Da dare na kakkaɓe kwalin, na jera 'ya'yan yadda suke kafin takun nan. Na san amsar, ba agogo a kaina, ba kambu a wuyana, amma sai da na fi awa ɗaya kafin na ga yadda zinariyar take rufe wa sarki hanya. Shi daƙiƙa sittin yake da su, bayan ya wuni a durƙushe. Kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki.

Tun daga ranar nake manna salatif da takarda a kan lambar. Na kuma gano wasannin kwana biyu sun fi dacewa da mai koyo irina. A Ryuo kowa awa takwas gare shi, kuma da ƙarfe shida na yammarsu, goma na safe a nan, wanda taku ke kansa ba ya bugawa. Yakan keɓe ya zana takun da jan biro a takarda, a liƙe a ambulan, a ajiye sai da safe alƙali ya buɗe, don kada ɗayansu ya kwana yana nazari a ɓagas. Wannan ya ba ni wuni guda da allona. Ni ma sai in rubuta nawa hasashen in cusa a aljihu. A sauran wasannin Ryuo na shekarar, da Fujii ya share Ito Takumi huɗu da babu, sau ɗaya tak na dace, shi ma takun dole ne da ko yaro zai gani.

Sai kuma na daina kashe waya da an ce an faɗi. Bayan wasa su biyun sukan mayar da 'ya'yan baya, su bi ta wuraren da aka yi gardama, wanda ya sha kaye yana tambaya, wanda ya ci yana nuna inda shi ma ya tsorata. Nagase ma ya zauna ya yi wannan a daren da kambu ya kuɓuce masa. Ni da in aka cinye ni a dara nake cewa rana ce ta dame ni.

Iton nan da na raina saboda huɗu da babu, shi ya dawo a Yunin 2024 ya ƙwace Eio daga hannun Fujii, uku da biyu. Sa'o'in juna ne, kuma tun suna firamare ya taɓa kayar da Fujii a wata gasa har ya sa shi kuka. Wasa na biyar ɗin salatif na manne, kuma har ana kusa da tashi Fujii nake ba wa.